Fuskar Sallau

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa, Baba Gambo, mu ma irin wannan za mu buɗe, ai ba wani aiki ba ne, tele da manet biyu na riƙewa a buga wasan ƙwallo, da benci, sai mutum ya zauna yana shan iskar fanka, to ku matso ku ji. Gaskiya ne ina shan iskar fanka, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Gaskiya ne kuma tumbin nan ba a gona na same shi ba. Amma a cikin tsohuwar na'urar can ta kusurwa akwai mutumin da ya rasu sama da shekara goma, har yau shi ke buga lamba tara a ƙungiyar Zongo. Sallau sunansa. Ɗaukar Sallau daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da ya faɗi a hanya ba, shi ne aikin da na yi a rayuwata. Sauran duk goge-goge ne da ɗaurin waya.

Manet ɗin farko da na taɓa buɗewa a rumfar Rasmane ne, wani Bamoshe mai gyaran rediyo da tele a babbar kasuwa, Rood Woko. Ni lakwal, makarantar boko, ban daɗe ba. Ni da malamin muka dubi juna muka ga zumunci ba zai yiwu ba, sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni kasuwa. Rasmane ba ya magana. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya ƙwanƙwasa maka gindin turnabis, abin kwance noti, a bayan hannu, shi ma cikin shiru. Manet ɗin nan maɓallinsa na harba ƙwallo ya mutu. Na ce a jefar. Rasmane ya ɗauki kwalin taba daga ƙasa, ya zare farar takardar nan mai ƙyalli, ya yanki ɗan guntu kamar ƙwayar gero, ya manna a ƙasan robar, ya rufe. Maɓalli ya tashi. Kayan aikina har gobe ba su wuce waɗanda na gani a gabansa ba: turnabis ƙarami, ƙarfen narka dalma, auduga da alkol, da tsohon buroshin haƙori. Buroshin ne kawai nake canzawa, shi ma sai ya gama aikinsa na farko.

A wannan zamani wasan ƙwallon nan a kaset yake zuwa. Masu yinsa can Japan sun canza masa suna ban san sau nawa ba, mu dai a Zongo Balo muke ce masa, tun daga lokacin har yau. A hura kaset da baki, a danna shi, a yi bisimilla. 'Yan wasan duk fuskarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya, riga ce kawai ta bambanta su. Kuma na'urar ba ta riƙe komai. Ka ci kofin duniya da la'asar, kuran ya ɗauke, ya dawo, kai ba kowa ba ne. Da irin wannan na buɗe shagona, tele ɗaya, a zauren da kuke zaune yanzu. Doka ɗaya na kafa tun ranar, in aka kira salla a tsayar da wasa, ko ƙwallo na bakin raga. An zage ni a kanta da Hausa da More, yaren su Rasmane, da Faransanci, ba ta canza ba.

Sai na'ura mai faifai ta zo, mai ruwan toka. Faifan da ke iso mana na Japananci ne, ba wanda ke karanta ko harafi. Ni da ban iya karatun Nasara ba, da ɗan lise mai takalmi da karatun sakandare, muka zama daidai, kuma wannan ya yi mini daɗi ba kaɗan ba. Da babban yatsa na haddace shi: sauka nan, shiga dama, danna. In idon na'urar ya gaji, a kifa ta, cikinta sama, ta ci gaba da karatu. Wata rana da zafi, babu kowa a shago, yatsana ya ɓata hanya, na faɗa wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. Ga mutum tsaye shi kaɗai, ba suna, ba lamba, yana jira. Na taɓa nan ya yi tsawo, na taɓa can ya yi baƙi. Ashe ana gina mutum. Kuma ga ɗan kati da ake sokawa a gaba, wanda ke riƙe abin da ka gina ko an kashe wuta.

Kaina na fara ginawa, ba sai kun tambaya ba. Mai tsaron gida, dogo, siriri, ƙarfin komai a cike. Ni da ko kaza ban taɓa kamawa da gudu ba.

Sallau ne ya fara kama ni. Lokacin yana aparanti, yaron mota, a wata babbar mota mai zuwa Yamai, saurayi mai dogon wuya, bahago, duk jikinsa baƙin mai. Ya ga sunana a bayan riga, ya yi ta dariya har ya riƙe benci, sannan ya ce shi ma sai an gina shi, kuma lamba tara. Kafin wata ya ƙare, Zongo duka tana layi. Teloli, mahauta, 'yan mobilet masu babur, masu goro. A nan sana'ar ta zama sana'a. Mutum zai zauna a benci, in dube shi, in dubi tele. Kawunan da ke ciki ba su da yawa, gashi ma haka, sai dai a zaɓi wanda ya fi kusa. Ƙarfin gudu da harbi kuwa ba mai shi ke faɗa ba, sai waɗanda suka taɓa ganin ƙafarsa a fili sun ba da shaida. An yi faɗa a kan wannan fiye da yadda ake yi a kan gado. Wani tela da ya ce shayina ruwan wanki ne, na ba shi gudun akuya mai ciki, ya yi shekara yana zargin manet.

Abin da ba ku sani ba, duk shekara sabon Balo ke fitowa, kuma na bana ba ya karɓar mutanen bara. Kati na nan, mutane na ciki, amma ƙofa a rufe. Sai a sake gina kowa daga farko, ɗaya bayan ɗaya, harafi bayan harafi. Haruffan sunayen Zongo a nan na koye su, abin da bulala ta kasa.

Ranar da na fara gina Sallau a baƙar na'ura, wadda ake tsayarwa a tsaye, na gane aikin ya canza. Ita ta zo da hanci, da haɓa, da nisan ido, da kaurin leɓe, kowanne da abin ja. Da can in mutum bai yi kama da kansa ba, laifin Japan ne. Yanzu laifin Gambo ne. Sallau ya riga ya zama direba, ya yi aure, an haifa masa Nuhu. Yakan sauko daga hanya da buhun albasa na uwarsa, ya biyo nan kafin ya isa gida, ya zauna in gina shi. Sau da yawa barci ke ɗauke shi a zaune, in yi ta aiki da fuskar mai barci. Shi ya sa a wasu shekarun lamba tara idonsa a lumshe yake. Kowa na son a rage masa hanci a ƙara masa gudu. Sallau bai taɓa neman a rage masa komai ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko yana cikin sha ɗayan farko.

Shekarar da Rood Woko ta ƙone, na'urorina biyu suna rumfar Rasmane, na kai a canza musu ido. Katin yana soke a jikin ɗaya. Da aka bari muka shiga, ban gane ko layin rumfar ba, sai ta wani ƙarfen teburi da ya lanƙwashe. Rasmane ya tsaya yana kallon toka, ya juya, ya koma ƙauyensu, bai sake riƙe turnabis ba. Ni na rufe shago. Na sayar da ruwan sanyi a bakin kwalta, na tura amalanke, tele biyu suna zaune a ɗaki kamar baƙin da ba a san yarensu ba. Da na samu wata tsohuwar na'ura a hannun wani mutum a unguwar Larlé, sai Zongo ta sake zama a benci. Amma wasu sun tafi Abijan, wasu Libiya. Waɗannan da bakin abokansu aka gina su, wannan ya ce kunnensa ya fi haka, wancan ya ce ƙarya ne. Daga nan na koyi ajiye kati biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida cikin gwangwanin madara. In kun buɗe naku, wannan kaɗai ku ɗauka a wurina ma ya isa.

Sallau ya rasu a hanyar garin Fada, motarsa ta kife da kaya. Aka kawo shi, aka yi masa salla, aka rufe shi. Bayan an tashi daga zaman makoki samari suka dawo shago, aka zaɓi Zongo, jerin sunaye ya fito. Al'adarmu, wanda ya yi tafiya a sa shi benci har ya dawo. Wanda ya mutu kuwa ba mu taɓa yi ba. Mai riƙe da manet ya sauko har kan lamba tara, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya wuce. Ba wanda ya ce a bar shi, ba wanda ya ce a cire shi. Haka ya zauna.

Aikin da ya fi ba ni wuya kafin na ƙarshe shi ne tsallakar da shi zuwa na'ura ta uku cikin masu faifai, mai ajiya a cikinta, mai zafi kamar murhu. Masu rai sun zo sun zauna. Shi kuwa sai na jera tele biyu, tsohuwa da sabuwa, ina kallon Sallau na can ina gina Sallau na nan. Sabuwar tana tambayar abubuwan da tsohuwar ba ta sani ba, ƙashin kumatu, zurfin ido, layin goshi. In rufe ido in nemo shi a kan benci yana gyangyaɗi. Duk shekara haka, kuma duk shekara na san wani abu nasa ya ragu, wani abu na hannuna ya shiga. Na'urorin da suka biyo baya sun daɗe a gidajen masu kuɗi na unguwar Ouaga 2000 kafin su san hanyar Zongo, kuma da suka iso, masu Balo sun sake canza masa suna, sun mai da shi na koneksiyon, wato intanet, ya shiga wayar kowa, ɗakin gina mutum kuwa sun toshe shi. To ta uku ce tashar Sallau ta ƙarshe. Shi ya sa nake mata fifita kamar jaririya.

Nuhu yana ƙarami ubansa ya rasu. Da ya shiga lise ya fara zuwa, kuma bai taɓa zaɓen wata ƙungiya ba sai Zongo. Duk ƙwallon da ya samu, lamba tara yake nema. Kowa ya gane, sai a tare lamba tara da mutum uku a ci shi hankali kwance. An ci yaron nan har na fara jin kunyar karɓar kuɗinsa, ko da yake kunyar ba ta kai ga hannuna ba. Bai canza ba.

Bara, yana aiki a wani ofishin fiton kaya, ya shigo da rana da ɗan hoto cikin leda, wanda aka cire daga takardar tuƙin ubansa. Ya san na'ura ta uku tana da wata ƙofa da ake ɗora hoton mutum a kan fuska. Ni ban taɓa amfani da ita ba, don a ganina aikin malalata ne, kuma tana cin abincina. Tonton yake ce mini, wato kawu. Ya ce, "Tonton, fuskar kawai, s'il te plaît, don Allah. Ina so in gan shi, ba wanda ya yi kama da shi ba."

Na karɓa. Aka ɗauki hoton a waya, aka zuba a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa, na soka. Aikin ba na malalata ba ne ashe. Sai ka daidaita ido kan ido, baki kan baki, ka haɗa launin hoto da na wuya don kada ya zama kamar ya sa abin rufe fuska. Na yini a kai. Da na gama na danna, mutumin ya juyo ya dube mu, yana numfashi, yana ƙifta ido. Shagon cike yake, amma ka ji ƙarar fanka. Wani mahauci da suka taso tare ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Inna Hajo, uwar Sallau, gidansu na bayan masallaci, kuma ta ƙofar nan take wucewa kullum da ƙwaryar furarta. Shekara da shekaru tana jin yara na ihun Sallau ya ci, ba ta taɓa waigowa ba. Ta san akwai wani abu mai sunan ɗanta a ciki, ta bar shi a matsayin shirmen yara. Ran nan bayan la'asar Nuhu ya ci ƙwallo da lamba tara, na'ura ta maimaita, ta kawo fuskar kusa ta cika tele, yana gudu yana dariya. Daidai nan ta waigo. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ba ta zubar da ko ɗigo ba, ta zauna a dokin ƙofa. Mata ne suka zo suka ɗaga ta.

Ta yi kwanaki ba ta fito ba, aka ce ko abinci sai an matsa mata. Zongo ta rabu biyu. Liman ya aiko mini a asirce, cikin ladabi, cewa wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata, kuma a duba halin tsohuwa. Nuhu kuwa ya zo ya tsaya a kaina, rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce in zan goge to in sayar masa da na'urar ya tafi da ita. Na ce ba ta sayarwa ba ce, akwai mutanen wasu a ciki. Ya ce shi bai riƙe muryar ubansa ba, bai riƙe tafiyarsa ba, wannan kaɗai gare shi. Na cire wayar na'urar, na lulluɓe ta da zane.

Da hantsi wata Talata ina shara, sai ga Inna Hajo da sandarta, Nuhu na biye da ita, kansa a ƙasa. Ba ta taɓa taka cikin shagon nan ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a bencin da ake zama in za a gina mutum, ta ce in kunna.

Na kunna, na shiga ɗakin, na kawo shi. Ta dube shi ta daɗe. Ta tambaya ko yana gajiya, Nuhu ya ce a'a. Ta tambaya in an kayar da shi ko yana jin zafi, ya ce a'a, Inna. Ta ce ranar da aka ɗauki hoton nan zazzaɓi yake yi, ta hana shi fita ya ƙi, ga shi nan a idonsa. Mu duk shekarun nan ba mu ga zazzaɓi ba.

Sannan ta juya ga jikanta. "Nuhu, sunan naka ne, ubanka ne, ba zan karɓe maka ba. Lambar ma ka riƙe. Amma fuskar nan ni na haife ta, ni na shafa ta kafin a rufe. Ba zan iya haɗuwa da ita a hanyar kasuwa ba. Ka ba ni ita."

Nuhu ya ɗauki manet ya miƙo mini.

Na cire hoton. Fuskar da na gina da hannu ta dawo, ta shekarun baya. Na ɗauka an gama. Ta girgiza kai, ta ce har yanzu shi ne. A rayuwata ba a taɓa yabon aikina haka ba, kuma ba a taɓa yabona a ranar da ba na so ba sai ran nan.

Sai na fara abin da ban taɓa yi ba, gina mutum don kada ya yi kama da kansa. Na faɗaɗa hanci, na dube ta. Ta ce shi ne. Na rage goshi, na cika kumatu. Shi ne. Na canza gashi, na sa masa gemun da bai taɓa ajiyewa ba. Ta ce, Gambo, idon. Na san idon ne tun farko, ina ta kewaye shi. Hannun nan da ya yi shekaru yana jan abin zuwa wajen Sallau, yanzu sai ya ja shi baya, kuma yatsan ya ƙi, sai da na taimaka masa da ɗayan. Na matsar da idanun kaɗan, na buɗe su, na ɗaga gira. Ina yi ina satar kallon Nuhu, don in na wuce gona da iri shi ma zan raba shi da nasa. Dogon wuyan na bari, da ƙafar hagu, da yadda yake tsayuwa kafaɗa ɗaya a sauke. Waɗannan sai mai riƙe da manet ke lura da su.

"Tsaya," in ji ta. Ta matso da fuskarta kusa da tele, ta duba sama da ƙasa. "Wannan ban san shi ba. Ɗan wane ne?"

Na ce ɗan Zongo ne, Inna.

Ta ce Allah ya raya shi. Ta dafa sanda ta miƙe, ta karɓi ɗan hoton daga hannun Nuhu ta ɗaure a bakin zanenta, ta fita. Nuhu ya raka ta har gida, ya dawo, ya zauna a gaban tele bai taɓa komai ba. Na tambaye shi in ajiye haka ko in mayar, don har lokacin ban danna ba, kuma in na danna ya zauna ke nan. Ya dubi baƙon mutumin nan mai gemu, mai sunan ubansa a baya.

Ya ce, "Bari ya yi gudu tukuna, Tonton, in gani."

Na sa masa wasa. Aka buga daga tsakiya, ya tura wa lamba tara, mutumin ya karɓa da hagu ya ruga, kafaɗa ɗaya a sauke kamar kullum. Nuhu ya bi shi da ido har bakin raga, ya harba, ƙwallo ta tashi sama ta bar gidan da nisa.

Nuhu ya ce in ajiye.